Filin Kifin Ado: Alhaji na son murjani a falo kafin biki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na saka hoton tankina na ruwan gishiri a fitowar da ta wuce saƙonni ke ta zubowa kamar ruwan Agusta, masu tarwaɗa da masu ɗan jan kifin kwalba duk an ture su gefe, kowa murjani yake tambaya. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya, wasu na rage musu tsawo, wanda bai ga tasa ba ya yi min uzuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na je Umra da azumi, da muka sauko Jidda yara suka ja ni gidan kifin nan na Fakieh da ke bakin teku, wallahi abin da na gani ya tsaya min a rai, duwatsu masu kala suna motsi kamar ana musu fifita. Ina so a haɗa min irinsa a falona kamar lita 500, kuɗi ba matsala in sha Allah. Bikin 'yata saura sati uku, za a iya gamawa kafin nan? Wani Alhaji daga Kano.

AMSA: Allah ya sanya alheri Alhaji, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Amma ranka ya daɗe sati uku kam ba zai yiwu ba ko da dala za ka biya. Gilashi da yashi da dutse da fitila a wuni ɗaya ma sai a kafa maka su, abin da ba ya sayuwa shi ne bakteriyar da za ta zauna cikin dutsen. Kifi in ya ci abinci yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce, a teku ruwa ya yi yawa ba ta komai amma a akwatin gilashi taruwa take yi. Akwai bakteriyar da ke cinye amoniya ta mai da ita naitirait, wata kuma ta karɓa ta mai da ita naitiret, wannan ce mai dama-dama da ake ragewa da canjin ruwa. Kafin su hayayyafa su ishi tankin ana cin sati 4 zuwa 6, kana ɗan jefa musu abinci kana aunawa, ranar da ka ga amoniya da naitirait duk sun koma sifili toh ranar za a fara maganar kifi biyu, biyu fa na ce. Murjani kuma sai bayan nan da wata guda ko biyu. Akwai bakteriyar kwalba da ake sayarwa tana rage kwanakin, amma ni dai ba na ɗora ran dabba a kan kwalbar da ta yi wata biyu a kwantena cikin rana.

Na ce dabba, don abin nan da ka ga yana motsi dabba ne. Ƙananan halittu ne kowanne da bakinsa da 'yan hannaye kewaye da bakin, suna zaune a cunkushe kamar gidan haya, masu tauri daga cikinsu su ke gina dutsen farar ƙasa a ƙarƙashinsu. A cikin namansu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita take karɓar haske ta girka abinci su ci tare, yawancin cimarsa daga wajenta take. In ruwa ya yi zafi sai zaman ya ɓaci, murjanin ya kore ta ya koma fari fat kamar alli, daga nan sai yunwa. Abin da ya samu babban tudun murjani na Ostireliya kenan, mai tsawon kilomita 2,300, a 2016 da 2017 a jere, kuma fa ba tafasa tekun ya yi ba, digiri ɗaya ko biyu ya ƙaru a kan abin da suka saba ya zauna makonni.

Toh yanzu ka tuno Kano a watan Afrilu. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ni a 26 nake riƙe nawa, ya kai 29 hankalinka ya tashi, ya wuce 30 ya kwana a haka sai abin da Allah ya yi. Waje ana 40, falon da ba AC shi ma ba baya ba, ga fitila ga famfuna duk suna ƙara wa ruwan zafi. Ƙaramar fanka da za ta riƙa hura saman ruwan tana sauke digiri biyu ko uku, dabarar randa ce dai, ruwa na tashi yana tafiya da zafi, kuma ta fi aiki a wajenmu inda iska ke bushe fiye da Legas. Amma fanka kaɗai ba za ta fitar da kai bazara ba, dole ko ɗakin ya kasance da AC dare da rana ko ka sayi na'urar sanyaya ruwan tanki, cila suke ce mata, tana da cin wuta kamar ƙaramin firji kuma tana fitar da zafi ta baya, don haka kar kafinta ya kulle ta cikin durowa.

Kaga mun zo maganar wuta, wadda ita ce ainihin amsar tambayarka. Tankina na farko lita 120 ne, a Kaduna, shekara ɗaya da rabi ina lallaɓa shi. Wata Juma'a cikin bazara na tafi ɗaurin aure Zariya na kwana, aka ɗauke wuta tun la'asar, yaron da na bar wa janareto ya ga mai ya ƙare kuma bai ga dalilin da zai tashe ni a waya saboda kifi ba. Da na dawo Asabar da hantsi tun daga ƙofa wari ya tare ni irin na kwatar 'yan kifi. Ruwan ya yi fari kamar an zuba masa nono, ma'aunin zafi na nuna 33, kifayen biyu na kwance a yashi baki buɗe, murjanin nan mai kan guduma da na fi so naman ya saɓule daga ƙashinsa yana yawo kamar majina. Abin da ya tsira dodon koɗi uku ne da wani ɗan murjani mai kama da naman kaza, har yau jikokinsa na nan wajena. Yaron ban ce masa komai ba, ni ne ban yi tanadi ba.

Duhu bai kashe su ba, murjani na iya kwana biyu har uku ba fitila lafiya lau, ai a teku ma ana yin hadari. Tsayawar ruwan ce ta kashe su. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, in ya yi zafi ya ƙara raguwa, ga kifi ga murjani ga bakteriya duk suna shaƙa, cikin 'yan awoyi ta ƙare. Don haka kafin ka sayi gilashi ka fara sayen batir da inbata, in da hali sola, a ja wa tankin layinsa shi kaɗai, kuma famfon da ke kaɗa ruwa shi ne na farko a kan batir, ba ya cin wuta, wani ko wat 15 bai kai ba. Sannan ka ajiye ɗan famfon iska mai batirin tocila a durowa da robobin ruwa biyu a firiza, in ta ɓaci a jefa robobin cikin tankin da murfinsu a rufe. Kuma a samu mutum ɗaya a gidan da aka gaya wa cewa ko ƙarfe biyun dare ne ya kira.

Lita 500 ɗin ban ƙi ba, babban tanki ya fi ƙarami haƙuri, ba ya saurin zafi ba ya saurin ɓaci. Sai dai ruwan kaɗai rabin tan ne, ka haɗa da dutse da gilashi da teburi, a ƙasa za a ajiye shi kan daɓe mai kyau nesa da tagar da rana ke shigowa. Ranar biki kuwa a jera dutsen a zuba ruwa a kunna shuɗiyar fitila, wallahi haka ma yana da kyau, duk wanda ya ce ina kifin ka ce masa amarya ba ta tare ba tukunna.

TAMBAYA: Ɗana ni tsohuwa ce jikana ke karanta min. Murjanin da muka sani ja ne na wuya, uwata ta bar min zubi biyu tun na aurenta. Naka na hoto kuwa kore da shuɗi da ruwan goro, duk abu ɗaya ne? Sannan jikan ya ce zai gwada, gishiri kam muna da na Bilma buhu guda. Hajiya daga Damagaram.

AMSA: Ina gaisuwa Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dangi ne amma ba ɗakinsu ɗaya ba. Naki na wuya asalinsa Bahar Rum ne, a can yake fitowa cikin kogunan dutse da wuraren da haske bai cika kaiwa ba, ruwan sanyi yake so, ba shi da gansakukar nan da na yi wa Alhaji bayani, abincinsa kamowa yake daga ruwa. Girmansa kuwa sai a hankali, a shekara kaurinsa ko milimita ɗaya ba ya ƙarawa, shi ya sa ƙwaya mai kauri take da tsada. Akwai wani gari a Italiya kusa da Naples, Torre del Greco, ɗaruruwan shekaru sana'arsu kenan sassaƙa shi, fatake kuma suka riƙa ratso Sahara da shi har ya iso wuyan iyayenmu. Abin da ke hannunki ƙashin dabbar ne aka goge, ki kiyaye shi da lemun tsami da turare, tsami na cin sa. A tanki dai ba a kiwonsa a gida.

Gishirin Bilma kuma Inna a bar kantu wa raƙuma, beza wa miya. Shi da na leda duk ba su yi. Ruwan teku bayan gishirin da muka sani akwai magnisiyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu da dama a ciki kowanne da gwargwadonsa, da su murjani ke gina ƙashi. Akwai gishirin da ake haɗawa musamman a bokiti, irin su Instant Ocean da Tropic Marin da Red Sea, ana zuba wajen giram 35 zuwa 40 a kowace lita, a kaɗa a wani mazubi daban ya kwana, a auna sai ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 ko 1.026. Jikan naki kuwa ki ce in ji ni ya fara da kifin ruwan daɗi ya shekara tukunna, zafin Damagaram ba wajen koyo ba ne.

TAMBAYA: Slm yayana, nawa ɗan ƙarami ne lita 60. Tun da hunturu ya shigo kullum ruwan raguwa yake ni kuma sai in haɗa ruwan gishiri in cika, yanzu ma'auni ya kai 1.032 murjanin duk sun tsuke sun ƙi buɗewa. Ko ma'aunin ne ya lalace? Ɗalibi daga Jos.

AMSA: Ƙanena ma'auninka lafiyarsa lau, kai ne ke zuba musu gishiri kullum. Ka tuna miyar da aka bari a wuta, ruwa ne ke tafiya gishirin na nan, in ka ƙara ruwa mai gishiri me kake tsammani? Abin da ya tashi da iska da ruwan daɗi zalla ake mayar da shi. Ruwan gishiri sai ranar canji, wato ka ɗebe kashi 10 cikin 100 ka zubar ka mayar da sabo daidai shi, sati-sati. Ka liƙa ɗan salatif a jikin gilashin daidai inda ruwan ya kamata ya tsaya, safe da yamma ka cika zuwa nan, a lita 60 cikin hunturu ko kwana biyu ka yi sakaci za ka ga bambanci.

Kar kuma ka ce za ka sauke shi yau-yau, saukar gaggawa ta fi hawan illa. Kullum ka ɗebe kamar lita biyu ka mayar da ruwan daɗi, kar ya wuce 0.001 a rana, cikin sati ka dawo daidai.

Da na ce ruwan daɗi ba na burtsatse nake nufi ba, ba kuma na famfo ba. Na burtsatse ko ya yi garau a ido yana iya zuwa da naitiret da ƙarfe da sauran tarkacen da gansakuka ke so, na famfo ga kulorin. Ruwan da aka tace da na'urar RO ake so, mai cire kusan duk abin da ya narke a ruwa. In ba ka da kuɗin na'urar ka je gidan fiya wata da ke da ita ka roƙi su sayar maka a jarka, amma ka tafi da ɗan biron nan na auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, in ya nuna sifili ko kusa da shi ka saya, in ya nuna 40 ka yi musu godiya ka wuce. Sannan kai da ke Jos matsalarka kishiyar ta Alhajin Kano ce, daren Disamba a garinku ɗan tanki irin naka sai ya faɗo ƙasa da 20 kafin asuba, ka sa hita mai kashe kanta a 25.

TAMBAYA: Malam dan Allah ka raba mu, maigidana yau kwana biyu ba ya min magana. Sauro ne ya dame mu na fesa magani a falo na rufe ƙofa kamar yadda na saba, da safe jatan landensa biyu da kifi ɗaya sun mutu wai ni na kashe su. Ni ko kusa da gilashin ban fesa ba. Uwargida daga Abuja.

AMSA: 'Yar'uwa ki yi haƙuri, maganin ne ya kashe su, amma laifin na mai tankin ne da bai taɓa gaya miki ba. Maganin sauro na feshi guba ne mai ƙarfi ga kifi, ga jatan lande da ƙaguwa kuwa ba a magana, su da ƙwari kusan jirgi ɗaya ya kwaso su. Ba sai kin fesa a gilashin ba. In kin leƙa ƙarƙashin tankin za ki ga wata na'ura mai kofi a kai tana ta kumfa, sikima kenan, aikinta ta zuƙi iskar ɗaki ta cakuɗa da ruwan don kumfar ta kwaso datti, toh duk abin da ke cikin iskar falon ta zuƙa ta dama musu. Fiya-fiya ma ta fi muni, kar ta shiga ɗakin ko da wasa, haka na kunnawa.

Shi kuma maigida in yana karantawa, fushi ba zai tace ruwa ba. Ka canza kashi 30 yau ka sake gobe, ka sa sabon gawayin tacewa, na shagon kifi fa ba na gasa masara ba, bayan kwana uku ka zubar ka sa wani. A sa raga a tagogi a huta da feshi a falon. Turaren wuta na san ba mai raba Hajiya da shi, in za a yi a kashe sikima awa ɗaya a buɗe taga. Kai ma da kanka in ka shafa mai ko turare kar ka tsoma hannu sai ka ɗauraye har gwiwar hannu da ruwa zalla ba sabulu. Ka je ka ba ta haƙuri.

TAMBAYA: Salamu alaikum ya ustaz, mu Hausawan Sudan muna karanta ku. Ni a Bur Sudan nake, murjani ga shi nan a bakin ƙofa masunta na shiga kullum. Me zai hana in sa su ɓallo min in ɗebi ruwan teku in zuba, ba sai na sayi komai ba? Mai karatu daga Bur Sudan.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo muku zaman lafiya ya kashe wutar yaƙin nan. Gaskiya na yi maka hassada kaɗan. Mu nan gaɓar Najeriya duk tsawonta ba tudun murjani, kogin Kwara da 'yan uwansa na kwararo laka da ruwan daɗi, murjani kuwa ruwa garau yake so, shi ya sa komai namu sai an yo odarsa daga Indonesiya ko Ostireliya ya kwana biyu a jirgi cikin leda. Ku kuwa Bahar Maliya ba kogin da ke shiga cikinsa. Sanganeb da ke gabanku da Dungonab tun 2016 UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a Sha'ab Rumi nan kusa da ku ne Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutanensa suka zauna wata guda.

Ruwan kam kana iya ɗiba, amma a shiga da jirgi can ciki nesa da tashar jiragen ruwa da magudanar gari, kuma ka auna, Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, yana kai giram 40 a lita inda sauran ke 35, in kayan tankinka na waje ne sai ka sirka da ruwan RO.

Ɓallowa ce ban goyi baya ba. Wuraren da na ambata an hana taɓa su, kuma duk murjani mai tauri mai gina dutse yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ba ya tsallake iyaka sai da takarda. Ban da doka ma, wanda aka ɓallo daga teku ya saba da rana tsaka da igiyar ruwa mai ƙarfi, sau da yawa a tanki wata biyu yake yi ya mutu, kan da ya shekara ashirin yana ginuwa. Masu wannan harka yanzu yanka suke yi kamar dashen rogo, a yanki ɗan reshe kamar kan yatsa daga wanda ya riga ya saba da tanki a manna a ɗan dutse da sufa gulu, ya kama ya ci gaba. Kusan duk na tankina haka na same su. Kai da gilashin ninkaya kawai zai kai ka ka ga na Allah, ni da ni ne kai anya ma zan wahalar da kaina da inbata.

TAMBAYA: Oga tankina sati biyar, ko'ina ya yi ruwan ƙasa kamar an barbaɗa garin kuka, yashi da gilashi duka. In kwashe in wanke in sake? Kuma wani ya min tayin Akrofora shuɗi da araha. Ɗan kasuwa daga Agege, Legas.

AMSA: Kar ka wanke komai mutumina, kowane sabon tanki sai ya yi wannan munin, kamar ƙuruciya ce. Wata ƙaramar gansakuka ce da ke cin sinadarin silika na sabon yashi, in ya ƙare da kanta take ɓacewa cikin sati biyu zuwa huɗu, bayanta wataƙila kore mai gashi ya biyo. Ka goge gilashi, ka rage fitila zuwa awa 6 ko 7, ka sa dodon koɗin teku biyar ko shida su yi kiwo.

Akrofora kuwa araha ba ta ado. Murjani ne mai tauri, kuma shi ne sarkin tsirfa, haske mai ƙarfi yake so da ruwa mai gudu, kuma alkaliniti, wato yawan sinadarin kabonet na ruwa da yake gina ƙashi da shi, ya ɗan motsa sai ka tashi da safe ka tarar da farin ƙashi. Tankin da bai shekara ba bai isa ba. Ka fara da masu laushi, mai kama da naman kaza, da mai fata, da koren nan mai shimfiɗuwa kamar ciyawa amma shi ka ware masa dutsensa can gefe don mamaye gida yake. In sun yi wata shida suna ƙaruwa ka gwada mai kan guduma. Daga lokacin ne za ka fara auna alkaliniti duk sati, ka riƙe shi wajen 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magnisiyam wajen 1300. Kuma kar ka zama mai bin lamba, alkaliniti 7.5 da ke zaune wuri ɗaya ya fi 9 da ke hawa da sauka, na ga waɗanda suka kashe tanki da ɗure-ɗuren kwalabe sun fi waɗanda suka kashe da lalaci yawa.

TAMBAYA: Kifina ya fito da fararen ɗigo kamar an yayyafa masa gishiri yana goga jiki a dutse, mai shago ya ba ni wani shuɗin magani in ɗiga a tankin. In ɗiga? Daga Kumasi.

AMSA: Kar ka ɗiga! Duba kwalbar, galibi jan ƙarfe ne a ciki, yana kashe ƙwayar cutar da gaske amma yana haɗawa da murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma dutse na shanye shi ya riƙa sakowa daga baya. Kifayen za ka kwashe duka, har waɗanda ba su nuna ba, ka kai su wani tankin daban da ba yashi ba dutse, can za ka yi maganin kana auna shi. Babban tankin ya zauna ba kifi ko ɗaya kwana 76, ƙwayar na ɓuya a yashi tana ƙyanƙyashewa, in ta fito ba ta samu kifi ba sai ta mutu. Daga yau duk sabon kifi ya yi wata guda a killace kafin ya shiga cikin jama'a.

TAMBAYA: Wasu 'yan abubuwa masu kama da ƙaramar bishiyar dabino ruwan ƙasa sun cika min dutse suna harbin murjani, abokina ya ce in cire dutsen in tafasa a tukunya. Akwai murjanin Zowa a jikin dutsen amma na haƙura da su. Daga Kaduna.

AMSA: Na bar taka ƙarshe don ita ce mai haɗarin rai, naka ba na kifi ba. Kar ka tafasa, kar ka zuba ruwan zafi, kar ka kankare da buroshin ƙarfe a ɗaki. Zowa da 'yar uwarta Falitowa, masu kama da 'yan maɓallai ɗin nan, wasunsu na ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halitta, kuma da ido ba ka bambance mai ita da marar ita. In ka tafasa tururin ne zai ɗauke ta ya raba wa duk gidan, an sha kwasar iyali guda zuwa asibiti a Amurka da Ingila a kan haka, zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Ko yanka su za ka yi sai da safar hannu da tabarau, in da ciwo a hannunka ka bari ya warke, yara kuma su yi nisa. In ruwansu ya fallatsar maka a ido ka wanke da ruwa mai yawa ka tafi asibiti ka gaya wa likita sunan gubar.

'Yan dabinon naka kuwa Aiftasiya ne, wata dabba dangin murjani mai ɓarna, kar ka tsinke su, kowane ɓalli sabo yake zama. Kashe famfuna, ka dama garin kalkwasa, farin garin kalsiyam na masu tanki, da ɗan ruwa ya yi kauri kamar koko, ka zuƙa a sirinji ba allura, ka je a hankali kar ya ji motsi ya shige rami, ka ɗiga masa a baki. Biyar ko shida a rana ya isa don garin na ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Bayan minti 20 ka kunna famfo. Waɗanda ke ƙarƙashin dutse inda hannu ba ya kaiwa sai jatan landen nan mai jan zane da ake kira fefamint, ka sa biyu ko uku ka rage musu abinci, da daddare suke fita aiki.